Kambun Bazaga a Kurmin Japon

Tsibiri, kudancin Japon
Ranar Laraba

Zuwa ga matata Wasila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Najiba da Imrana da duk mai leƙowa gidan yana tambayata, har da masu tambaya don su ji ko na nutse. Ni lafiya lau, sai kewa da gumi. Za ki ce me ya sa nake rubutu a takarda ina ɗaukar hoto ina turowa. Rezo, wato sabis ɗin waya, a nan sai an hau tudu, kuma kin san mijinki, in bai ga maganarsa a rubuce ba gani yake bai faɗe ta ba.

Sun kawo mu nan ne don ƙarasa horon. Dukanmu ma'aikatan gandun daji ne daga ƙasashe iri-iri. Daga Nijar ni ne da Almoustapha na Malbaza, wanda ko cikin barci bakinsa ba ya hutawa. Wasila, na ga daji. Ni da ke rubuta rapor in an sare gawo ɗaya a hanyar Illela, ga ni inda itace ke hana mutum ganin rana. Wasu ma cikin ruwan gishiri suke tsaye, saiwoyinsu a waje kamar sun tattare wando za su ƙetare.

Sarauniyar wurin wata kyanwar daji ce mai rodi-rodi, ba ta fi mussar gidanmu girma ba. Sun ce babu irinta ko'ina a duniya, kuma 'yan kaɗan suka rage. Hotonta na bakin hanya, yana jikin mota, yana jikin kwalin biskit. Direbobi tafiyar jaki suke saboda ita. Yawancin mutanen garin ba su taɓa ganinta ba, amma in ka taɓa gashinta sai gidan kaso.

Yanzu ga abin da ban so ki yi dariya. Kambun da mahaifinki Baba Ɗan'azumi ya aiko daga Bazaga, wanda na ce ki mayar masa kika cusa min cikin jaka, na ɗaura shi. Da na ga jirgin ruwan da za mu shiga, na ga tekun yana ɗaga shi yana dirawa, duk littattafan da na karanta ba wanda ya zo min a rai. Na shiga bayan gida na ɗaura a damtse, ni da na shekara ashirin ina ƙwace fatun namun daji a kasuwar Illela ina yi wa maharba wa'azi.

Jiya kuma ya ɓace. Wani tsoho mai suna Miyara ne ya shiga da mu kurmi. Sana'arsa tarkon aladun daji masu ɓata wa mutane shinkafa, kuma ya san wurin kamar ɗakinsa. Wajen ƙetare rafi na zame, shi ya cafke min hannu ya fizgo ni. Sai da na zo alwala na ga igiya kawai ta rage. Kar ki gaya wa Baba.

Ki gaida kowa.
Mijinki,
Iliyasu

Ranar Lahadi

Wasila,

Sallama da gaisuwa. Yaya jikin Imrana, tarin ya sauka? Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, hankalina ba a kwance yake ba.

An tsinci kambun. Masu tsaron dajin ne suka gan shi bakin rafi, kusa da inda tsoho Miyara ke ɗana tarkunansa. Ƙaguwa sun warware ɗinkin, ruwa ya narkar da takardar ciki, abin da ya rage guntun fata ne mai rodi-rodi, gefensa yankan wuƙa. Suka nuna mana hoton a aji, an faɗaɗa shi ya cika bango. Malamar da ke koya mana tana ta bayani. Ni kuwa ina kallon ramukan basillar Baba ɗaya bayan ɗaya.

Abin da suka ɗauka shi ne kyanwarsu ta faɗa tarkon tsohon, ya feɗe ta ya ɓoye maganar. An karɓe takardar izininsa har a gama bincike, ga shi yanzu ne lokacin farautar aladun. An cire shi daga yi mana jagora. Mutanen nan ba su iya zagi ba, Wasila, da zagi suke da ya fi sauƙi. Na gan shi a kanti, mai kantin ta miƙa masa canji ba ta ɗago kai ba, waɗanda ke layi suka ja baya kaɗan. Ya sunkuya ya gaishe su, ba wanda ya amsa.

Za su aika gashin zuwa babban gari a auna, amma iska ta hana jirgi tashi, ba a san ranar da za ta lafa ba. Ina gaya wa kaina in na yi shiru awo zai wanke shi. Sai wata zuciyar ta ce awon zai ce kyanwar Afirka ce, kuma ba a buƙatar boka a gano wa ya zo da ita. In na yi magana yanzu, ma'aikacin gandun daji ne ya shigo da fatar naman daji ƙasar mutane. Rapor zai riga ni isa Tahoua. Kakin nan shi ke ciyar da mu, kin sani.

Almoustapha ya dube ni wajen cin abinci ya ce, "Shef, ɗinkin nan fa kamar na gida." Na ce masa duk ɗinki ɗinki ne. Ya ce, "Haka ne, Shef, duk rodi ma rodi ne," ya ci gaba da cin shinkafarsa. Bai ƙara ba. Shirun Almoustapha ya fi surutunsa ban tsoro.

Na janye abin da na ce game da Baba. Ki hau kabu-kabu ki je Bazaga gobe, ki tambaye shi fatar mene ce. In ɗan akuya ne ko mussar gida, maganar za ta yi sauƙi. Ki tambaya da dabara.

Naki,
Iliyasu

Ranar Alhamis

Wasila,

Ina gaishe ki, ina gaida yara, na kuma gode da wahalar hanya. Na hau tudu na saurari saƙonki har sau uku, ko zai canza. Na ji dabarar da kika yi: kin shiga kin kwashe labarin duka kin gaya masa a gaban baƙinsa.

To, kyanwar daji ce, wadda ya kama tana cin kajinsa tun kina goye. Na ji muryarsa a bayanki yana cewa, "Ki ce ma mai kaki, ni zan ɗaura wa surukina akuya ya ƙetare teku?" Na ji dariyar tsofaffin. Na cancanta. Amma na ji inda dariyar ta tsaya, da kika ce ana zargin wani maharbi da laifin. Tambayarsa ɗaya, wai mutumin tsoho ne? Kika ce e.

Ke kuma kin ce, "Malam, in an kore ka za mu sha fura mu kwana. In ka bar tsohon nan a haka, ban san da wane ido za ka dube ni ba." Ban taɓa jin kin yi min magana haka ba. Na so in ji haushi, ban samu ba.

Duk da haka ban je ba a ranar. Gara ki ji daga bakina. Na isa ƙofar ofishin masu tsaron daji, na tsaya ina karanta sanarwar da ke jikin bango, wadda ko harafi ɗaya ban iya ba, na juyo. Washegari ma haka. Ina ta lissafin yadda zan tsara maganar ta fito da ni fes, ka ce wani jawabi zan yi a taro.

Yau da hantsi na bi ta gidan tsohon. Ya fito da tarkunansa duka, ya naɗe wayoyin ya jera a ƙofar gida, yana loda su a 'yar motarsa. Tafintarmu ta ce min zai kai wa mai garin ne, ba wanda ya umarce shi. Matarsa na tsaye a bakin ƙofa. Da ya gan ni sai ya nuna ƙafata, yana tambaya ko targaɗen rafin ya warke.

Igiyar kambun na aljihuna. Ina gama wannan takarda zan tafi, Almoustapha zai raka ni. Da na fara gaya masa ya ce, "Shef, tun ranar hoto na sani. Tashi mu je, kar ka sake tsayawa karatun bango." Ashe ya gan ni.

Ki yi min addu'a.
Iliyasu

Ranar Talata

Zuwa ga Wasila,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya, ke da yara da mutanen Bazaga. Ni ina nan, ba a ɗaure ni ba, ki kwantar da hankalinki.

Na faɗa. Na ajiye igiyar a kan tebur, suka gwada bakinta da guntun da ke jikin fatar, ya hau daidai. Sai tambayoyi. Tafinta ta sha wahala, don sai da na bayyana wa mutum huɗu masu biro mene ne kambu, me yake karewa, kuma ko ni na yarda da shi. Na ce a tudu ban yarda ba, sai a kan teku. Ba wanda ya yi dariya sai Almoustapha, shi ma ya mayar da ita tari.

Sun riƙe fatar. Ba za su ba ni takardar kammala horo ba, kuma sun rubuta wa Niamey. Abin da zai biyo baya sai na zo. Ki fara rage cefane.

Shugaban masu tsaron dajin da kansa ya kai wa tsoho Miyara takardar izininsa, ya sunkuya har na ji tsoron bayansa. An sanar a lasifikar gari cewa ba shi da laifi. Mai kanti ta aika masa da kifi.

Na roƙi tafinta ta kai ni gidansa. Na cire takalmi na tsuguna a ƙasa kamar yadda zan yi gaban Baba, na ce na san gaskiya tun ranar farko na yi shiru. Ya saurara har ƙarshe, matarsa ta kawo shayi. Ya tambayi wanda ya ba ni kambun, na ce surukina ne, maharbi. Ya gyaɗa kai. Sannan ya ce ni baƙo ne, na ji tsoro a ƙasar da ba tawa ba, wannan ya gane. Mutanen garin kuwa, a nan cikinsu aka haife shi, tare suka binne iyayensu, ya fitar da 'ya'yansu daga kurmi in sun ɓata, kuma ba a samu mutum ɗaya da ya taka ƙofarsa ya tambaye shi ko ya aikata ba. Tafintar ta gama fassarawa ta sunkuyar da kai. Ita ma 'yar garin ce.

Na ce to yanzu zai karɓo tarkunansa? Ya ce shayina na hucewa.

Iska ta lafa, gobe da safe za mu shiga jirgi, damtsena ba kambu. Ba shi ke damuna ba. Da na je sallama wurin mai garin, tarkunan na nan jibge a kusurwar zaurensa, takardar izinin a kansu. Ya ce tsohon ne ya dawo da ita. Aladu kuwa sun shiga gonakin gefen rafi, kowa na jira wani ya fara zuwa ya roƙe shi.

In na sauka Konni ba zan kwana ba, Bazaga zan wuce. Ki gaya wa Baba ina zuwa ba kaki. Zai tambaye ni kwana nawa na yi shiru, kuma zan gaya masa.

Ki gaida Najiba da Imrana. Allah ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Iliyasu