Na'urar da Ta Yi Mini Ƙarya Shekara Uku

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya jikin Baba? Allah ya ƙara masa sauƙi.

Yaya, raina a ɓace yake. Kin san shekara uku ke nan ina aikin digirina kan wata na'ura da ke cikin kumbo mai yawo tsakanin duniya da rana. Aikinta ƙirga ƙananan ƙwayoyi masu tsananin gudu da rana ke watsowa. Na lura duk sanda rana ta yi aman wuta, ƙidayar waɗanda muke kira elektron sai ta haura, na ɗauka sabon abu na gano. Ashe wasu ƙwayoyi ne masu nauyi suke huda murfin na'urar ta gefe, ita kuma ta ƙirga su a matsayin elektron.

Ba wannan ne ya ƙona ni ba. Da na kai wa Farfesa, mai duba aikina, sai ya ce in rufe ƙofa. Ya jawo durowa ya fito da takarda mai shafi biyu, wadda injiniyan da ya haɗa na'urar ya rubuta tun kafin a harba kumbon, yana gargaɗin murfin ba shi da kauri. Farfesa ya sani, Yaya! Shekara uku yana sa mini hannu babi bayan babi. Wai in gabatar da aikin a taron masana na wata mai zuwa yadda yake, gyara ya biyo baya, don takardun bincike huɗu da shi Farfesan ya wallafa sun dogara da ƙidayar nan.

Kada ki gaya wa Baba tukuna.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Na samu wasiƙarki, na kuma ji shawararki ta in yi haƙuri in karɓi digirina. Ki yafe mini, ban iya ba.

A taron na tsaya gaban mutum kusan ɗari, na nuna musu ƙidayar, sannan na ce rabinta ba elektron ba ne. Farfesa yana layin gaba, ko kallona bai yi ba. Washegari na tarar an kwashe littattafaina daga tebur an zuba a kwali a bakin ƙofa. Ni da na faɗi gaskiya ni ce mai laifi!

Amma wani dattijo mai sanda ya tare ni a matakala. Ashe shi ne injiniyan. Ya ce shekara goma sha ɗaya yana jiran wanda zai karanta takardarsa. Zai taya ni tace ƙidayar daga farko.

Yanzu ki gaya wa Baba. Bana babu digiri, sai nan da shekara biyu. Ki roƙe shi ya riƙa shan maganinsa, ina so ya gani da idonsa.

Taki har kullum,
Auta