Hayaƙin yayanta ne ya fito a fitsarina

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi ko abinci ba ya shiga.

Ni tela ne a Ƙofar Dumi, shago ɗaya muke da wani abokina, ɗan tsukukun shago, tagar ma ba ta buɗuwa. A nan na ga ƙanwarsa ta kawo masa abinci, muka daidaita, har an sa rana. Sai babansu ya ce sai na yi gwajin shaye-shaye, saboda wahalar da ya sha a kan abokin nan nawa kafin ya shiryu. To a sanin Baba kenan. Ni na san abokin ya koma shan wiwi, in aiki ya yi yawa sai ya turo ƙofa ya kunna, ina kan keken ɗinki ina shaƙa, in na yi magana ya ce na cika takura.

Ko sigari ban taɓa sawa a baki ba, da dariyata na kai fitsarin. Sakamako ya fito wai akwai wiwi. Mai gwajin ya tambayi inda nake wuni, na faɗa masa, ya ce ba kasafai ba amma yana faruwa a rufaffen ɗaki, in bar wurin in sake. Na ɗauke kekena na koma gida, na sake, ya fito fes. Baba ya ce hutu kawai na ba abin, ya san dabarun mashaya.

Abin da ya fi ƙona min rai, ranar da Baba ya kira ni, abokin nan yana zaune har da girgiza kai. Muna fita ya riƙe hannuna, wai in rufa masa asiri, Baba na da hawan jini, in ya ji zai iya faɗuwa. Kuma gaskiya ne, yana da shi. Ita kuwa ko faɗa ba ta yi min ba, kuka kawai ta yi, ta ce da na gaya mata gaskiya tun farko da ta tsaya min.

Jiya ta aiko a karɓi atamfar bikin da nake ɗinka mata, saura hannu ɗaya in gama. Jama'a, in faɗa in kwantar da tsoho, ko in yi shiru ta rayu tana ganina ɗan wiwi, kuma maƙaryaci?