Zulai ta kwana biyu a Tafoki

Alhamis, 14 ga Satumba, 1978

Saƙo daga ɗana Maharazu. Gobe zai biyo daga Kaduna, za su biki garin Sabuwa shi da matarsa, zai bar mini ɗiyarsa Zulai zuwa Lahadi. Na san abin da ke tafe da shi. Maganar asibitin ido ce. Ba inda za ni.

Juma'a, 15 ga Satumba

Sun iso bayan an sauko masallaci, cikin sabuwar Fijo, yaran gari na bin ta a guje. Tun da ya fara samun kwangila ya koyi magana da ni kamar lebura. Wai yanar ido ce ta rufe mini gani, wai aikin ba wuya, likitoci sun cika Kaduna yanzu. Na ce da idon nan na yi shekara ashirin ina duba auduga a kasuwa, da shi na gane ka ranar da aka haife ka. Ya ce, "Baba, da na shigo Almu ka kira ni." Rana ce ta haske ni. Kuma tsayinsu ɗaya da Almu direba.

Ya sauke shinkafar gwamnati da biskit da lemon kwalba. Auduga ta kusa fashewa, ni in tafi in kwanta wani yaro ya sa mini wuƙa a ido? A'a.

Zulai shekara shida. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kaka, ni na fasa aurenka, ba ka da fanka." Na ce ni ma ba na son matar da ba ta iya daka ba. A ɗakin Lauratu matar ƙanena za ta kwana.

Asabar, 16 ga Satumba, da hantsi

Mun je gona. Ta ƙi a goya ta, ta ƙi sa takalmi. Irin kaina ne da ita, ba na ubanta ba. Ta ce me ya sa nake taɓa kowane ganye. Na ce haka manoma ke gaisawa da shuka. Ta bi layi tana gaishe su ɗaya bayan ɗaya, har da "ina gajiya".

Kunyar gonar nan na san ta da ƙafa. Ko sau ɗaya ban yi tuntuɓe ba. Da Maharazu na nan da ya gani.

Ta sha rabin lemonta, na toshe sauran da totuwa saboda ƙuda, na ajiye a zaure.

Asabar, bayan la'asar

Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari.

Ta tashi barci tana neman sauran lemonta. Na shiga zaure na ɗauko kwalba a kan dakali, da totuwa a bakinta, na cire na miƙa mata. Ta kai baki. Sai ta ce, "Kaka, wannan wari yake." Na fizge.

Maganin feshin auduga ne. Wanda malamin gona ya ɗibar mini a kwalbar lemo makon jiya. Tata na gefe, ba ta kai taki ɗaya ba.

Na wanke mata baki da hannu, na sake wankewa. Na ce kin haɗiya? Ta ce a'a. Na sake tambaya har ta yi kuka. Lauratu ta shinshina bakinta, ta ba ta madara, muka zauna muna kallon ta har magariba. Ba abin da ya same ta. Alhamdu lillahi.

Zauren ne da duhu. Kowa zai iya yin wannan kuskure.

Lauratu ta ce, "Malam, kwalbar baƙa ce wuluk, lemon kuwa ja." Na haƙa rami bayan rumbu na binne kwalbar.

Lahadi, 17 ga Satumba

Ban iya cin abin kari ba.

Haƙorin Zulai na gaba ya fita da safe. Ta zo a guje ta buɗe baki, "Kaka, duba!" Na ce ma sha Allah, babban giɓi. Ta ce, "Ba nan ba ne, na ƙasa." Ta kama ɗan yatsana ta ɗora a wurin.

Sun zo da azahar. Na jira ta faɗa wa ubanta. Ba ta faɗa ba, labarin haƙori take ta yi. Lauratu ma ta yi shiru. Ya sake tayar da maganar asibiti a bakin mota, na ce ka gaida mutanen Kaduna. Ni ba kayan kwangila ba ne da za a loda.

An ce Zulai ta yi ta ɗaga mini hannu har kwanar hanya.

Litinin, 18 ga Satumba

Gidan shiru. Ban je gona ba.

Laraba, 20 ga Satumba

Na aika wa Almu ya tsaya mini ranar Asabar in zai yi lodin Funtuwa, daga can in nemi motar Kaduna. Gidan nan da suke ta kurantawa zan je in gani, in kuma ji ko yarinyar nan tana cin abinci. In hanya ta bi ta ƙofar asibitin, to, ta bi.

Ƙanena zai kula da audugar. Na ce masa kwana uku. Ya ce ko wata ne.

Lauratu ta wanke mini babbar riga, ba ta tambaye ni komai ba.