Za Su Cike Mana Kududdufi

Laraba da dare, Mandawari.

Har yanzu zuciyata tafasa take. Ɗazu a ƙofar gidan mai unguwa, kansila ya ce za a cike kududdufinmu a gina shaguna. Na ce, "Ranka ya daɗe, damina ta sauya. Ruwan da ake yi a wata, yanzu dare ɗaya yake sauka. Ina zai bi?"

Ya yi dariya. "Malam Sani, sauyin yanayi zancen Turawa ne. Kawo hujja."

Hujja! Sai ɗakin Inna ya rufta mata sannan zai yarda? Mugu kawai, shi gidansa na siminti ne, can wajen badala, bayan ganuwar birni.

Ga hadari ya haɗo, bangon ɗakinta kuwa tun bara ya tsage. Na dawo da ita nawa, tana ta faɗa wai na hana ta barci. Allah ya isa.