Ba Ni Za a Gyara Ba

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa. Yaya ƙafar Baba, yaya mutanen Malikanchi? Allah ya sa an kai masara gida lafiya.

Ƙanwata Mukarrama ta ce ranki ya ɓaci, wai matan unguwa suna ta yi miki dariya: ɗanki ya hau jirgi har Jamus don ya koyo ɗa'a, sai ka ce ba a koya masa a gida ba. Inna, ba ni za a gyara ba. Tarihin gardamar Turawa nake karantawa, a kan mene ne daidai, mene ne ba daidai ba. Tun zamanin Girkawa suke abu ɗaya, har yau ba su daidaita ba. Sun fi dillalan shanun kasuwar Ikara taurin kai.

Na farkonsu sun ce a gyara hali kawai, aikin da kika gama mini da muciya tun ina yaro. Wasu suka ce ƙarya ba ta halatta ko da wuƙa a wuya. Na ukun suka ce a dubi sakamako, duk abin da ya kwantar wa mutane da hankali shi ne daidai.

Kin tambaya ko ina samun abinci. Na ukun nan nake bi a makon nan, saboda haka ina ƙoshi, har na yi ƙiba, sanyin ma bai dame ni ba.

Amma in Ja'afarun Kawu zai taso zuwa nan Jamus, don Allah a ba shi kuka da daddawa da yaji. Da yawa.

A sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Ukasha