Na Ƙi Ruwan Wanke Hannun Surukina

Gwaggo Tasalla, don girman Allah ki taimake ni. Na jawo wa kaina magana, ga shi saura kwana goma sha biyu in shiga jarrabawa.

Ni ma'aikaci ne a sashen lafiya a nan Batsari. Shekara tara ina mataki ɗaya kamar an kafe ni da ƙusa. Sau biyu ina zama jarrabawar ƙarin girma, sau biyu tambayoyin al'amuran duniya suna kayar da ni. A ta ƙarshe aka tambayi inda hedikwatar Hukumar Lafiya ta Duniya take, na rubuta Landan, don a ganina duk wani abin Turawa can yake. Bana na ce ba za a sake ba. Na sayo takardun bita daga Katsina, na haddace su kamar karatun allo: muradun ci gaba goma sha bakwai, yarjejeniyar tunkarar annoba da aka amince da ita a Geneva, rigimar ficewar Amurka daga hukumar, hanyoyin yaɗuwar kwalara. Matsalar ita ce karatun ya ƙi zama a ka, ya fara fitowa ta baki. Maiɗakina Hadiyya ta ce ko ruwa ta kawo mini sai na tambayi asalinsa.

Ran Juma'a muka je Babban Duhu gaida iyayenta. Shekara bakwai da aurenmu ban taɓa cin abinci a gaban surukina ba, kin san kunya, kullum gefe ake kai mini nawa. Ranar kuwa, da aka sauko daga masallaci, Baba da bakinsa ya ce in hau tabarmarsa, ai yanzu na zama ɗa. Ina hango Hadiyya tana leƙe ta jikin zana, saura kaɗan ta yi guɗa.

Aka kawo tuwon dawa miyar kuka, man shanu sai tashi yake. Aka kawo ruwan wanke hannu a kwano ɗaya. Ya fara daga Baba, ya bi ƙannensa huɗu bi da bi, har da Baba Mati da ya taso daga garke kai tsaye. Kafin kwanon ya iso kaina, ruwan ya koma kamar tsinkakken kunu. Gwaggo, da na ce na riga na wanke a waje, da an wuce wurin. Amma shafi na goma sha huɗu na takardun bitar nan ya motsa mini. Na ture kwanon, na gyara murya, na yi wa dattawa biyar bayanin yadda amai da gudawa ke bin hannu. Na ce ko a Geneva ba a yarda da wannan ba. Don in ƙarasa kashe kaina, na zaro 'yar kwalbar man kashe ƙwayoyin cuta daga aljihu na miƙa wa Baba.

Bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana duban tafin hannunsa, sannan ya ce mu ci, shi ya ƙoshi, ya tashi.

Tun ranar bai ɗauki wayata ba. Mutanen garin sun raɗa mini Malam Janeba, wato mutumin Geneva. Hadiyya kuwa tuwo take dire mini da cokali, ta ɗora sabulu a kan murfin, ta juya.

Mahaifina ya rasu tun ina ƙarami. Duk jarrabawar da zan shiga sai na je na durƙusa Baba ya yi mini addu'a. Na san za ki ce da addu'ar ma sau biyu na faɗi, amma wannan laifin Landan ne. Yanzu in na buɗe takarda ba na ganin komai sai fuskarsa yana duban hannunsa. Ina ƙaunar mutumin nan, kuma na kunyata shi a gaban ƙannensa. Sai dai ruwan nan wallahi ba shi da kyau. In koma in tsoma hannu in haɗiye karatuna, ko in tsaya a kan gaskiyata in shiga jarrabawa ba albarkarsa?

Malam Janeba, Batsari.

Amsa

Malam Janeba, barka da dawowa daga Turai.

Bari in fara da mai daɗin. Takardarka ba ta yi ƙarya ba. Ruwan da hannu biyar suka yi wanka a ciki ba ya wanke na shida, kuma mun sha ganin yadda kwalara ke kwantar da gari da damina. Kada ka koma ka tsoma hannu don neman shiri.

Ga kuma marar daɗin. Baba bai ji kwalara ba, bai ji Geneva ba. Abin da ya ji shi ne, ranar da ya ɗauke maka kunyar shekara bakwai ya kira ka ɗa, kai ka ce hannunsa ƙazami ne. Kwanon nan da ke farawa daga babba ya gangaro, shi ne yake nuna waye na gida. Kai da aka sa a layi, ka fito da kwalba.

Ka daina kiran waya. Ba a ba suruki haƙuri ta waya, ba hakimi ba ne kai. Ka fara da Hadiyya, don ita ma ka zubar mata da mutunci a gidansu. Sannan ka hau babur tun da hantsi, ka riƙe goro, ka biya wa Baba Mati ya shiga gaba. Ka cire takalmi tun daga ƙofa, ka durƙusa, ka ce ka yi wauta. Kada in ji kalmar “amma” ta biyo baya.

In Allah Ya sa aka sake kawo tuwo, ka riga kowa tashi. Ɗauki buta, ka durƙusa gaban Baba ka zuba masa, ka bi ƙannensa ɗaya bayan ɗaya, kai ne na ƙarshe. Su za su ga ladabi, kai ka samu ruwanka mai gudana, babu wanda ya ji lacca. Mutumin da yake alwala da buta sau biyar a yini ba sai an zo daga Geneva an koya masa zubo ruwa a hannu ba. Sabulu kuma ka ba surukarka cikin tsaraba, ita ta san ranar da za ta fito da shi.

Game da jarrabawa, in suka tambayi dalilin da ya sa kyawawan tsare-tsaren lafiya ke mutuwa kafin su shiga ƙauye, ajiye shafi na goma sha huɗu. Rubuta musu abin da ka yi ran Juma'a.

Allah Ya huci zuciyar Baba, Ya ba ka sa'a. Kwalbar nan kuma ka bar ta a Batsari.

Gwaggo Tasalla.