Zaren Bakin Lofen Kaka

Asabar, 3 ga Agusta, 2024

An kawo Kaka Labbo daga Argungu. Mahaifin Baba ne. Hawan jini ya kayar da shi a bakin gulbi, yanzu hannunsa na hagu ba ya ɗaguwa, bakinsa kuma ya ɗan karkace. An ba shi ɗakina. Ni na koma wurin Inna da tabarmata da wannan littafin, ragowar na lissafin aji shida.

Ban san shi sosai ba, da Sallah kawai muke zuwa. Da ya gan ni sai ya ce, "Ga amaryata, ko tarbon miji ba ta yi." Wasan kaka da jika ne, na sani, kamata ya yi in rama. Na sunkuyar da kai. Kullum haka nake yi.

Lahadi, 4 ga Agusta

Yana da lofe na shan taba. Baƙi ne, wuyansa a lanƙwashe. Tun bara likita ya hana shi taba, ya kuma bari, amma lofen ba ya barin bakinsa, haka nan ba wuta ba hayaƙi. Jiya wajen fito da Kaka daga mota lofen ya faɗi, Baba ya taka bai sani ba. Bututun da ake sawa a baki ya karye biyu. Kan bai yi komai ba.

Baba ya ce an huta.

Inna ta tsince guntayen. Wani baƙin abu mai danƙo ya naɗe bakin bututun. Ta ce dauɗar shekaru ce, ta kankare da wuƙa, ta wanke da sabulu, ta ajiye a taga. Warin bai fita ba. Ɗakina yanzu warin taba da kifi yake yi.

Talata, 6 ga Agusta

Bai ci tuwo ba. Jiya ma.

Alhamis, 8 ga Agusta

Inna ta yi masa miyar kifi don ya tuna gida. Ya duba kwanon ya ce, "Da mi zan ci? Bakin ga ba nawa ba ne." Maganinsa kuma sai da abinci ake sha. Wuni yake da kan lofen a hannun dama, yana murza shi da babban yatsa.

Likita ya gaya wa Baba in aka ci gaba a haka za a kwantar da shi, a zura masa robar abinci ta hanci. A tsakar gida Baba ya maimaita wa Inna, Kaka ya ji. Ya juya fuskarsa bango.

Ni dai ba ruwana. Ɗakina nake so.

Asabar, 10 ga Agusta

Inna ta ƙulle kan lofen da guntayen a gefen mayafina, ta aike ni kasuwa wurin Baba Olatunji mai tabarau da madaurin agogo. Ta ce ba sai Baba ya ji ba. Baba Olatunji Bayerabe ne, amma ya daɗe a Birnin Kebbi har Hausarsa ta fi tawa Kabanci.

Na tsaya gaban teburinsa na kasa magana. Mutane suka zo suka tafi. Daga baya ya ce, "Ɗiyata, agogo ko tabarau? In kallona kika zo yi, shi kyauta ne." Na kwance mayafin.

Ya jawo wani tsohon gwangwanin biskit daga ƙarƙashin tebur. Lofe ne iri-iri a ciki, ya ce an daɗe ba wanda ya tambaya. Ya ware miƙaƙƙun gefe, ya jera masu lanƙwasa uku kusa da na Kaka. A idona duk ɗaya suke. Ya ce in bar kallon kan, in kalli inda wuya ya rabu da shi. Sai na gani. Ɗaya ya ɗan rusuna ne kawai, kamar mai gaisuwa a tsaye. Ɗaya kamar ludayi. Na ukun ya lanƙwashe sosai kamar ƙugiyar kamun kifi, kansa dogo. Na Kaka kai ne mai siffar ƙwai, wuyansa tsakanin ludayin da ƙugiyar. Muka ɗauki ludayin.

Kaka ya juya shi, ya shinshina, ya ajiye a ƙasa. "Kama da wane ba ta wane," in ji shi.

Talata, 13 ga Agusta

Na koma. Baba Olatunji bai yi mamaki ba, ya ce tsofaffi haka suke, babansa ma haka ya yi da sanda. Ya zare bututun sabon, zai sa a kan tsohon. Tsinin da ke shiga ramin wuyan ya yi kauri. Ya ɗauko ƙaramin magagari yana gogewa kaɗan, ya gwada, ya sake gogewa. Ya ce in aka danna da ƙarfi wuyan zai tsage, daga nan kuma sai haƙuri. Da wata mata ta zo gyaran agogo, ya miƙo mini ya ce in ci gaba, in riƙa juyawa kada gefe ɗaya ya cinye. Hannuna ya yi baƙi. A ƙarshe ya shiga, ba tauri ba sako-sako.

Kaka ya gane kan lofensa, na ga fuskarsa ta canza. Ya sa a baki. Ya zame ya faɗo masa a ƙirji. Ya sake sawa, ya sake zamewa, wannan karon har da yawu. Na kalli ƙofa. Ya miƙo mini shi.

Yau bai ce mini amarya ba. Ba wai na damu ba, na dai lura.

Alhamis, 15 ga Agusta

Baba Olatunji ya ce wataƙila lanƙwasar ce ba ta kai ba, nauyin kan yana jan shi gaba. Ya gaya mini yadda ake yi: a zura tsinken tsintsiya a cikin bututun don kada ramin ya toshe, a tsoma a tafasasshen ruwa, a lanƙwasa a hankali, a tsoma a ruwan sanyi. Ni da Inna muka yi a madafa. Yanzu yana kwanciya kusa da haɓa kamar tsohon. Duk da haka ya zame.

Baba ya tarar da mu a kai. Ya ce abin da likita ya hana shi muke gyarawa. Inna ta ce, "Hayaƙi ya hana, Malam, ba itace ba." Baba ya ce ran Litinin sai asibiti, tun kafin tsohon nan ya ƙare a hannunmu.

Juma'a, 16 ga Agusta

Kunu cokali biyu. An yi ruwa wuni guda.

Asabar, 17 ga Agusta

Baba ya tafi da ni Argungu mu kwaso wa Kaka tufafi da bargo saboda asibiti. Fadama duk ta cika, shinkafa kore shar har inda ido ya tsaya.

A ƙofar gidan akwai wani tsoho a gindin bishiyar bedi yana gyaran homa, ragar kamun kifi. Hodi, abokin Kaka tun suna yara. A bakinsa lofe ne irin na Kaka sak, kai mai siffar ƙwai, lanƙwasa iri ɗaya. Ashe tare suka saya wurin wani ɗan kasuwa da daɗewa. Yana magana da Baba, hannayensa biyu suna kan raga, lofen na lilo amma bai faɗi ba. Na tsaya ina kallo.

"Jikar Labbo, mi kike kallo? Ni kike so? Na fi shi haƙori, ina da biyu."

Da ya cire don ya yi dariya, na ga baƙin abin nan a bakin bututun, irin wanda Inna ta kankare. Ban san lokacin da na ce, "Kaka Hodi, wannan mene ne?" ba. Muryata ta fito kamar ta wata.

"Zaren homa ne, ɗiya. Wanda ba shi da haƙori da mi zai riƙe? Dasashi ba shi kama santsi."

Ya nuna mini a jikin kara: a goga wa zaren kakin zuma, a kwantar da madauki, a naɗa a jere ba hawa kan juna, a zura ƙarshen a ja ya ɓuya a ƙasa. Ya yanko mini zare da ɗan kaki. Ya ce in gaya wa Labbo ruwa ya kawo, shi kuma yana can kwance kamar mai jego.

Baba yana tsaye duk ya ji. Da yayyafi ya soma a tasha, ya karɓi zaren ya sa a aljihun rigarsa ta ciki.

Lahadi, 18 ga Agusta

Na naɗa na warware, na naɗa na warware. Kakin yana manne wa yatsu. Bayan azahar na kai masa.

Ya shafa wurin da babban yatsa ya daɗe. Ya sa a gefen bakinsa na dama. Ya saki hannunsa. Bai faɗi ba. Ya ja iska, abin ya yi ɗan fito.

"Wa ya ɗaure wanga?"

Na nuna kaina da yatsa.

"Ƙullin banza. Kifin da ke barci ma ya tsere mai."

Na ba shi saƙon Hodi, a hankali, ina kallon ƙasa. Ya ce Hodi maƙaryaci ne, haƙorinsa ɗaya ne. Can sai ya tambaya ko miyar kifin nan ta Inna ta ƙare. An ɗumamo wata. Ya cire lofen ya ɗora a gwiwa, ya ci fiye da rabin kwano, ya sha magani, ya mayar da shi baki.

Litinin, 19 ga Agusta

Sun je asibiti sun dawo tare. Ba a kwantar da shi ba. Baba ya ce likita ya harari lofen, Kaka ya kife masa shi a tafin hannu ya ga ba komai a ciki.

Juma'a, 30 ga Agusta

Kaka yana takawa da sanda har zaure. Baba ya ce zai zauna da mu sai bayan damina. An aiko da tsohuwar homarsa daga Argungu muna gyarawa, shi yana ja da dama, ni ce hannun hagunsa. Wai ƙullina har yanzu bai yi ba.

Yau ya ce, "Amarya ba ƙulli, ba magana. Maida ki gidanku zan yi."

Na ce, "Nan ne gidanmu, tsoho, kai ne baƙo. In ka sake ni ma wa za ta karɓi miji ba haƙori?"

Maganar fita kawai ta yi daga bakina. Inna ta leƙo daga madafa da muciya a hannu. Kaka ya yi ta dariya har da tari, lofen na rawa a haɓarsa, bai faɗi ba.

Da yamma Inna ta ce za ta turara ɗakin saboda warin nan. Na ce ta bari, ai ba ya damun kowa.